Raddi Ga Masu Cewa Barkwanci Ya Kashe Zambon Gogol

Wasan kwaikwayon nan na marubucin Rasha Nikolai Gogol, mai suna Revizor, wato Sufeton Gwamnati, an fara nuna shi ne a birnin St Petersburg a watan Afrilun 1836, kuma har yau ba a daina dawo da shi kan dandamali ba. An yi shi a gidan wasa na Young Vic da ke Landan a 2011, an kuma sake yin sa a Chichester a 2025. Labarinsa bai da tsawo. Magajin wani ƙaramin gari da muƙarrabansa, dukansu maciya hanci, sun sami labarin cewa gwamnati ta turo mai bincike a ɓoye. Da yake mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, sai suka yi wa rogo kallon kitse: suka ɗauki wani ɗan ƙaramin akawu mai shekara 23, Khlestakov, wanda caca ta tsiyata har ya kasa biyan kuɗin masauki, a matsayin sufeton, suka yi ta dunƙula masa kuɗi har ya cika aljihu ya gudu.

Duk lokacin da wani darakta ya dawo da wasan cikin sigar barkwanci, da guje-guje da faɗe-faɗe, sai 'yan kallo su ƙyaƙyata, wasu masu sharhi kuma su tsuke fuska. Ƙorafinsu bai wuce abu huɗu ba: wai barkwancin ƙari ne da aka cusa wa wasan, wai Gogol da kansa ya yi tir da shi, wai dariya tana dushe kaifin zambo, wai kuma shewar 'yan kallo ba ta isa hujja ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko, cewa daraktocin zamani ne suka cusa shirme a cikin aikin da asalinsa na gaske ne, ba ta tsallake karatun littafin kansa. Wa ya rubuta cewa magajin gari, saboda ruɗewa, ya ɗauki kwalin hula zai kifa a kansa maimakon hular? Gogol ne. Wa ya sa Bobchinsky, magulmacin garin, ya laɓe yana saurare har ƙofa ta ɓalle ta faɗo da shi tsakar ɗaki, ya tashi da fasasshen hanci? Gogol ne. Shi ne ya ƙirƙiro alƙalin da ke karɓar toshiyar baki da 'yan kwikwiyon farauta, wanda masu gadinsa ke kiwon dinya a zauren kotu, da likitan asibiti Bajamushe wanda bai iya ko kalma ɗaya ta Rashanci ba. Daraktan da ya cire waɗannan don wasan ya yi kwarjini, shi ne ya taɓa amanar marubuci.

Hujja ta biyu ita ce mafi ƙarfi, kuma adalci ne a ba ta haƙƙinta. Gaskiya ne Gogol ya fita daga nunin farko ransa a ɓace. Ya koka cewa Nikolai Dyur, wanda ya fito a matsayin Khlestakov, ya mayar da shi tantirin maƙaryaci irin na wasannin sharholiya, ya kuma gargaɗi 'yan wasa da su guji wuce gona da iri. Cikin 'yan makonni ma ya bar Rasha. To amma a duba abin da ya ɓata masa rai. Abin da yake so shi ne Khlestakov ya riƙa gaskata ƙaryar kansa a lokacin da yake zuba ta. Idan yaron nan ya sha ya bugu yana cewa a teburinsa ana yanka kankana ta rubul 700, miyarsa kuma daga Faris ake kawo ta a jirgin ruwa cikin tukunyarta, dole ne idonsa ya nuna yana ganin tukunyar. Ɗan wasan da ke ƙifta wa jama'a ido, yana nuna ya san abin dariya yake yi, shi Gogol ya tsana. Wannan kuwa gargaɗi ne a kan barkwancin da ba a iya ba, kuma duk gwanin ban dariya zai sa hannu a kansa.

Ban da haka, maganar marubuci a kan aikinsa ba wahayi ba ce. A 1846 Gogol ya fito da sabuwar fassara, wai garin nan zuciyar ɗan Adam ce, ma'aikatan kuma miyagun sha'awoyi ne, sufeton gaskiya kuma lamiri ne. Mikhail Shchepkin, wanda ya shekara goma yana fitowa a matsayin magajin gari a Mosko, ya ƙi amincewa, ya ce shi mutane ya sani masu jini da tsoka. Idan za mu bi Gogol a 1836 ido rufe, me zai hana mu bi shi a 1846? Masu sharhin nan ba su taɓa neman haka ba.

Hujja ta uku, cewa dariya tana sanyaya fushi, mutum ya koma gida wasai ya manta da zalunci, tarihin wasan ya ƙaryata ta. Pavel Annenkov, wanda ya halarci daren farko, ya ba da labarin yadda dariyar manyan gari ta yi ta raguwa yayin da wasan ke tafiya, har ta koma fushi a ƙarshe, suna cewa ƙage ne da shirme. 'Yan jarida masu kusanci da hukuma, irin su Faddei Bulgarin da Osip Senkovsky, da wannan sandar suka doke shi: wai barkwanci ne kawai, babu gari irin wannan a Rasha. Ashe kiran wasan da sunan barkwancin banza tsohuwar garkuwa ce ta wanda zambo ya sama. Ko Sarki Nikolas na Ɗaya, wanda ya zauna ya kalla ya yi dariya, an ruwaito ya ce kowa ya sha rabonsa, shi ya fi kowa sha. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san wanda yake yi da shi, wanda aka zaga ma ya sani.

A cikin wasan kansa ma dariyar tarko ce. Kana cikin ƙyaƙyatar wautar ma'aikata sai ga wata mata ta shigo ƙara, an kama mijinta aikin soja ba bisa ƙa'ida ba saboda waɗanda ya kamata a ɗauka sun ba da cin hanci. Ga wata kuma da aka yi wa bulala ba laifin tsaye ba na zaune, magajin gari kuma ya rantse wai ita ta zane kanta. Za ka yi dariyar wannan ƙaryar, sannan dariyar ta tsaya maka a wuya. Da ba a saki jikinka da raha tun farko ba, da dukan bai shige ka haka ba.

Hujja ta huɗu, cewa shewar 'yan kallo ba mizani ba ce, mun yarda da rabinta: tafi ba ya mayar da rogo kitse. Sai dai mizanin masu sharhi ma yana rawa. A watan Disambar 1926 Vsevolod Meyerhold ya dawo da wasan a Mosko cikin siga mai duhu da nauyi, ya ja shi na tsawon sa'o'i, a ƙarshe ya maye gurbin 'yan wasa da gumaka masu kamarsu. Nan ma aka yi masa ca, wai ya kashe dariyar Gogol, har sai da Anatoly Lunacharsky, kwamishinan ilimi na lokacin, ya fito ya kare shi. An rage dariya sun ce an kashe Gogol, an ƙara sun ce an kashe Gogol. Wanda awonsa ke ba da amsa ɗaya ko me aka ɗora, sikelinsa ya kamata a duba.

Inda muke tare da su shi ne, akwai barkwancin da ke lalata wasan, kuma yana da alama guda da ake gane shi: rashin tsoro. Ma'aikatan Gogol suna tuntuɓe ne domin hantarsu ta kaɗa, sun san kuɗin cocin da aka ware shekara biyar da suka wuce sun cinye, ba a aza ko tubali ba. Idan ɗan wasa ya faɗi don tsoron a kore shi zuwa Saberiya, zambo na nan da ransa. Idan ya faɗi don neman tafi, an yi asarar kuɗin tikiti.

Saboda haka mai son yanke hukunci ya jira ƙarshe. Bayan shugaban gidan waya ya buɗe wasiƙar Khlestakov asiri ya tonu, magajin gari ya juya yana shaida wa masu dariya cewa kansu suke yi wa, sai ɗan sanda ya shigo da sanarwar isowar sufeton gaskiya. Gogol ya ce kowa ya sandare a inda yake, kusan minti ɗaya da rabi, ba motsi ba magana. Shirun nan ba ya yin nauyi sai a ɗakin da aka daɗe ana dariya a cikinsa. In zauren ya yi tsit har mutum ya fara jin kunyar dariyar da ya yi ɗazu, daraktan ya sauke nauyinsa, ko da sau ashirin ƙofa ta faɗo da Bobchinsky.