Ina Kurtun Kakanka?



A hutun da ya wuce na je gida Ikara, muka shiga share zauren marigayi kakana, Allah Ya jiƙansa. A bayan tulin alluna na tsinci kurtunsa na tawada, ɗan ƙaramin duma da ya yi baƙi ƙirin. Har ƙanena ya ɗauka zai jefa a bola, na ce maza ya ajiye.

Abin da ya sa na hana shi, wani hoto ne da malaminmu ya nuna mana a aji: wata 'yar butar tangaran daga Koriya, wadda ba ta cika tafin hannu ba, suna kiranta yonjok. Malamai da masu zane na can busasshiyar sandar tawada suke gogawa a kan dutse, suna ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan, kuma da wannan buta ake ɗigawa. Huda biyu gare ta: ka toshe ɗaya da yatsa ruwa ya tsaya, ka ɗaga ya ɗigo. A zamanin daular Joson, wadda aka kafa a 1392, an yi ta ƙera su da farin tangaran, wata siffar kwaɗo, wata ta kifi. Yau suna ajiye a gidan tarihin ƙasar da ke birnin Seoul, jama'a na zuwa kallo.

Mu ma muna da namu. Kakana da hannunsa yake haɗa tawada, ya niƙa gawayi, ya sa ƙaro, ya fere alƙalamin gamba. In ta yi kauri, sai ya tsoma yatsa a ruwa ya ɗiga. Daga wannan kurtu aka rubuta mini allona na farko.

Yanzu a makarantun allon da na leƙa a Makarfi da Hunƙuyi, robar magani ce ta gaji kurtu. Ban ga laifinsu ba, roba ba ta fashewa. Amma tsofaffin da suka san haɗin suna ta tafiya, mu kuma ba mu tambaya.

Ga aikin gida: in ka je hutu, nemi dattijon malamin unguwarku, ka durƙusa ka gaishe shi, ka roƙi ya koya maka haɗin tawada, ka rubuta. In akwai tsohon kurtu a gidanku, ka adana shi. Nawa yana kan teburin karatuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.