Ra'ayinmu: Gwanjo Ya Shiga Waya, Ina Aka Baro Amana?

Sanin kowa ne cewa da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, Kirsimeti kuma ta ƙarato, babu inda ƙafar talaka take nufa kamar layin 'yan gwanjo. A Kasuwar Barci ta Kaduna da Ƙofar Wambai ta Kano da Taminus ta Jos, nan ne uwa takan durƙusa gaban tarin kaya, ta ɗaga wannan riga ta duba hammata, ta ja wancan wando ta gwada ƙarfin ɗinki, kafin ta kwance bakin zani ta biya. Da haka gidaje masu ɗimbin yawa suka rufa asirin 'ya'yansu shekara da shekaru, kuma babu abin kunya a ciki.

To, amma yau kasuwar ta sake salo, gwanjo ya shiga wayar hannu. Samari da 'yan mata da suka gama makaranta babu aiki, da matan aure a cikin gidajensu, sukan yi sammako ranar fasa dila, su tsince na kirki, su wanke, su goge, su ɗauki hoto su sa a Instagram ko Facebook ko WhatsApp. Wanda ya riga turo kuɗi shi ne mai kaya, sai a ba direba a tasha ya kai masa. Mu dai ba mu ga laifin wannan sana'a ba. Hasali ma muna yaba wa duk matashin da ya ƙi zaman kashe wando ya kama ta. Sai dai akwai abubuwa uku da muke ganin ya wajaba mu jawo hankalin masu karatu a kansu.

Na farko shi ne makomar wannan uwa da muka ambata. Ba a ƙasarmu kaɗai gwanjo ya shiga waya ba. A Turai akwai kamfanin Vinted da aka kafa a Lituwaniya a 2008, da Vestiaire Collective da aka kafa a Faransa a 2009 domin cinikin tsofaffin kaya masu manyan sunaye. Baturen da a da yakan kyautar da tufafinsa ga ƙungiyoyin agaji, daga can kuma su shiga dila su iso mana, yanzu ya samu hanyar sayar da na kirki yana zaune a ɗakinsa. Ga kuma tufafi masu araha marasa ƙarko da suka cika shagunansu, waɗanda ake sawa 'yan kwanaki a jefar. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akara a Ghana, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa a kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 sukan ƙare a juji.

A gefe guda kuma dila ta yi tsada. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Wato an tace kayan a Turai, an sake tace su a bakin dila domin masu waya, sannan abin da ya rage ya isa ga mai ƙaramin ƙarfi a farashin da ya fi na da. Muna roƙon masu fasa dila da su tuna da tsofaffin abokan cinikinsu, waɗanda ba su da babbar waya, kada a bar musu tsumma kaɗai.

Na biyu, kuma shi ne ya fi damunmu, batun amana ne. Sayar da tufafin da aka taɓa sawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin waya muna da dillaliya, wadda take yawo gida gida da ƙullin zannuwa da sarƙoƙi, ta sayar ta cire la'adarta. Abin da ya riƙe sana'arta shi ne an san ta, an san gidanta, kuma ta san cewa in ta yi ƙarya yau, gobe ƙofar wannan gida a rufe take. Dillaliyar waya kuwa suna ce kawai da hoto, ana iya goge ta a dare ɗaya. Shi ya sa ake ta jin koke-koke: an ɗauki hoton riga ta inda tabo ba zai fito ba, an liƙa wa jakar jabu tambarin Gucci an ce zaɓen farko ce daga Italiya, ko kuwa an karɓi kuɗi an toshe lamba. Su ma masu saye ba duka ne tsarkaka ba. Akwai mai tura shaidar biya ta bogi, akwai kuma wadda za ta je biki da riga sannan ta dawo da ita ta ce ba ta yi mata ba.

Manyan kamfanonin waje sun gane wannan tun tuni. Vinted yakan riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa hannunsa, Vestiaire Collective kuma yana da ƙwararru masu tantance na gaske da na jabu. A cinikin WhatsApp babu wannan shinge, saboda haka dole kowa ya zama mai gadin kansa. Mai saye ya guji cinikin biri a sama. Ya nemi a nuna masa kayan ta kiran bidiyo, ciki da waje, ya ga ɗinki da zif da maɓalli da 'yar takardar da ke jikin wuya. Ya nemi awo da inci, domin lambar Ingila daban take da ta Amurka. Ya tabbata sunan asusun banki ya yi daidai da na mai sayarwa, ya fara da ɗan abu kaɗan, ya kuma ajiye duk saƙonnin cinikin. In aka ce masa ga takalmi mai babban suna a kuɗin silifa, ya tuna cewa araha ba ta ado. In kaya sun iso, a wanke su sosai a shanya a rana kafin a sa, musamman na yara.

Mai sayarwa kuma muna ce masa ya faɗi aibin kayansa da bakinsa kafin a gano. In akwai huda ya ɗauki hotonta, in bai tabbata jaka ta gaske ce ba ya ce bai tabbata ba. Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya, kuma wanda aka cuta sau ɗaya ba ya yin shiru, sai dangi da maƙwabta duk sun ji.

Na uku ya shafi hukuma. Har yanzu gwanjo yana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su Nijeriya, amma ga shi nan a kowace kasuwa, yawancinsa ta Kwatano yake biyowa. Ko rufe kan iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 bai raba kasuwanninmu da shi ba. Manufar haramcin ita ce kare masaƙunmu, amma wanda ya ratsa Kakuri ya san cewa masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da maƙwabtanta sun daɗe da yin shiru. Dokar da ba ta kare ma'aikaci ba, ba ta kuma hana kaya shigowa ba, sai dai ta ƙara wa talaka kuɗin hanya, ta cancanci a sake duba ta. A ganinmu gara a halatta cinikin, a sa haraji a fili, a hana shigo da tsumma, a zuba abin da aka samu wajen farfaɗo da noman auduga da saƙa. Haka nan muna kira ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya da ta wayar da kan jama'a da Hausa a rediyo kan yadda ake kai mata ƙara.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, yawancin masu wannan sana'a 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, masu saye kuma maƙwabtanmu ne. Iyaye su riƙa tambayar 'ya'yansu yadda suke ciniki, ba ribar da suka samu kaɗai ba. Dillaliya ta ci abinci da sunanta na kirki har tsufanta, muna fatan masu waya su gaje ta a wannan.