Ƙadangaren Hamada Ba Ƙarfe Ba Ne

Marubucin da ya ce ɗumamar yanayi ba za ta taɓa ƙadangarun hamada ba, wai don zafi gidansu ne, bai fahimci jikin dabbar nan ba. Ƙadangare ba ya gumi. Daga rana da ƙasa yake samun ɗumi, kuma da dabara yake daidaita shi: ya sha hantsi, ya fake a inuwa, ya shige rami. Ƙadangare mai ƙayar wutsiya na duwatsun Abzin yakan yi duhu da safe don ya zuƙi zafi, ya washe in jiki ya ɗumama. Wasu kan yi haki, amma haki ruwa yake ci, a wurin da ko fitsari sai sun daskarar da shi don tattalin ruwa. Jiki ya haura digiri 45, yawancinsu sun shiga haɗari.

Marubucin zai ce ai rami na nan. To, a ramin matsalar take. Duk sa'ar da ƙadangare ya yi a ɓoye, ba kiwo ba neman mace, kuma mai ɗauke da ƙwai ba ta jure yunwa. Binciken Barry Sinervo da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2010, ya bi wurare 200 a Meziko, ya tarar kashi 12 cikin ɗari na garken ƙadangarun da aka san su a can sun ɓace tun daga 1975, galibi inda zafi ya ƙaru a lokacin haihuwa. Ba rana ce ta gasa su ba. Lokacin cin abinci ne zafi ya ƙwace musu.