A duba lafiyar ma'aikatan masana'antun jima a Kano

Zuwa ga Edita,

Masana'antun jimar fatu da ke Challawa da Sharada da Bompai suna ciyar da gidaje masu yawa a Kano, amma aikin yana tattare da guba. Ana cire gashin fata da sinadarin salfaid, sannan a jeme ta da kuromiyam, wanda ke cin fatar hannu. Mafi muni shi ne ramin dagwalo: idan salfaid ya haɗu da asid, iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai takan taso, kuma idan ta yi yawa hanci ya daina jin ta, sai leburan da ya shiga yashe ramin ya faɗi nan take. Duk da haka ana ganin matasa suna wannan aiki ba safar hannu, ba takalmin roba, ba takunkumi.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar masana'antu ta ɗora wa mai kamfani alhakin samar da kayan kariya, dokar diyya ta 2010 kuma ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bin diddigi.

Ana roƙon Ma'aikatar Ƙwadago da hukumar kare muhalli ta NESREA su riƙa kai ziyarar ba-zata, su hukunta duk kamfanin da ya yi sakaci.