Ba Komai Ake Zubawa a Rumbu Ba

Manomin shinkafa a fadamar Wurno, ko mai ban-ruwa daga madatsar Goronyo, ba ya kinkimar abin da ya girbe ya zuba a rumbu yadda yake. Sai ya buge, ya sheƙe, iska ta tafi da ƙaiƙayi, sannan tsaba ta shiga ma'aji. Masu rubuta manhajar kwamfuta suna bukatar wannan tsohuwar hikima fiye da yadda suke zato.

Rumbunsu shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Yana adana kowane sauyi da aka yi wa aiki, da sunan wanda ya yi, da lokacin da aka yi. Amfaninsa ke nan, haɗarinsa ma ke nan, domin ba ya mantuwa. Shi ya sa ake rubuta ɗan fayil mai suna .gitignore, inda ake jera abubuwan da ba a so Git ya ɗauka: tarkacen da kwamfuta ke haifarwa da kanta, manyan fayiloli, da uwa uba kalmomin sirri da bayanan mutane.

A ƙaddara ƙungiyar manoman albasa a Rabah ta ba wani matashi aikin gina mata rajista. A cikin aikin akwai sunayen 'yan ƙungiya, lambobin wayarsu, NIN da BVN, da mabuɗin ma'ajiyar bayanai. Idan ya tura komai GitHub a buɗe bai tace ba, ya miƙa wa 'yan damfara amanar mutanen da ba su ma san da GitHub ba. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami: a 2022 Toyota ya bayyana cewa wani mabuɗinsa ya yi kusan shekara biyar a buɗe a GitHub, abin da ya jefa bayanan abokan ciniki kimanin 296,000 cikin haɗari.

Wasu na cewa ai in an yi kuskure sai a goge. Magana zarar bunu ce. Fayil ɗin .gitignore ba ya fitar da abin da Git ya riga ya ɗauka, kuma ko an cire fayil daga baya, yana nan kwance a tarihin aikin. Mabuɗin da ya fita sai dai a soke shi a yi sabo. Lambar NIN ta manomi kuwa ba a sauya ta.

Saboda haka wannan ba ƙaramar harkar ƙwararru ba ce da za a bar wa mai rubuta manhaja shi kaɗai. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan wanda ya tattara bayanan jama'a. Shugaban ƙungiya ko na ofis da ya ba da irin wannan aiki ya wajaba ya tambaya, tun kafin a adana layin farko: me aka ware, kuma wa ya duba jerin? Sheƙa kafin rumbu ake yin ta.