Ba a Sauka ba Sai Mabiyiya ta Faɗi

A wannan fitowa za mu tsaya kan wani ɗan lokaci da muke yi wa sakaci a gidajenmu na Briqueterie, wato tsakanin kukan jariri da faɗuwar mabiyiya. Da zarar an ji kuka sai gida ya ɗauki murna, maigida ya nufi masallaci da albishir, hankalin kowa ya koma kan jinjiri. Alhali kuwa a wannan lokacin ne ran uwa ya fi shiga haɗari.

Mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar cibiya, manne take da bangon mahaifa, ta nan ɗan tayi yake samun abinci. Idan ta ɓalle sai ta bar jijiyoyin jini a buɗe, kuma babu abin da ke rufe su sai mahaifa ta tsuke ta yi tauri. In mabiyiya ta maƙale, ko wani yanki nata ya saura a ciki, mahaifa ba za ta tsuke ba, jini kuwa ba zai tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa zubar jini bayan haihuwa na kashe mata kimanin 70,000 kowace shekara. A nan Kamaru, binciken ƙasa na 2011 ya nuna mata 782 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000, na 2018 kuma ya nuna 467. An samu sauƙi, amma da sauran rina a kaba.

Galibi mabiyiya kan fito cikin minti 30. A asibiti ana yi wa mai haihuwa allurar oksitosin da zarar jariri ya fito domin mahaifa ta tsuke, sannan ungozoma mai horo ta taimaka mabiyiya ta fito, ta duba ko cikakkiya ce. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa muke kira a haihu a asibiti, ko da haihuwa ta bakwai ce.

Idan kuwa naƙuda ta zo bagatatan aka haihu a ɗaki, muna roƙon iyayenmu mata, cikin ladabi, su bar wasu dabarun da muka gada. Kada a ja cibiya da ƙarfi, domin tana iya tsinkewa, ko mahaifa ta juyo waje. Kada a cusa muciya a maƙogwaro ko a turara barkono. A sa jariri a nono, mai jego ta yi fitsari, a duba agogo. In rabin sa'a ya wuce, ko jini na jiƙa zane bayan zane, ko ta fara jiri da gumi mai sanyi, a ɗauke ta nan take. Babban Asibitin Yaoundé ba shi da nisa da unguwarmu, ga kuma asibitin mata da yara na Ngousso.

Al'adarmu ta wanke mabiyiya a binne ta abu ne mai kyau. Sai dai kada a binne kafin ma'aikaciyar lafiya ta gani, domin guntun da ya saura kan jawo jini ko zazzaɓi bayan kwanaki.

Ku kuma magidanta, da ku muke. Kafin kuɗin ragon suna, a ware kuɗin mota da na asibiti, a yi magana da direban da zai amsa kira da tsakar dare, a san 'yan'uwan da za su ba da jini. A kuma bar izini tun da wuri, kada mace ta kwanta cikin jini ana jiran maigida ya dawo daga kasuwar Mokolo. Kiyaye rai wajibi ne a Shari'a, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.