Ra'ayinmu: Tsakanin Hadda da Fahimta

Duk shekara, da zarar jarrabawar JAMB da WAEC da NECO ta ƙarato, sai ɗalibai su koma kwana a kan littafi da hasken waya, suna haddace tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu. Sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta 2025 ya sake tayar da muhawara a kan wannan salon karatu: cikin ɗalibai kusan miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Gaskiya ne hukumar JAMB ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, har shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya nemi afuwa. Amma wannan bai wanke halin da sauran suke ciki ba.

Masu ɗora wa hadda laifi suna da hujja. Ɗalibi zai kawo ma'anar abu yadda take a littafi, ba ragi ba ƙari, amma a juya masa tambayar kaɗan sai ya tsaya cik. Abin da aka cusa a kai cikin dare ɗaya kuma ba ya daɗewa. Tun a 1885 masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, matuƙar ba a koma wa abin ba.

Masu kare hadda su ma ba su faɗi ƙarya ba. Ba a gini sai da tubali. Yaron da bai riƙe jadawalin ninkawa ba zai sha wuya a aljabara, ɗalibin likitanci kuma ba shi da mafita sai ya san ƙasusuwa 206 na jikin baligi da sunayensu. Sannan akwai batun adalci. A makarantun gwamnati da dama, aji ya cika ya tumbatsa, ɗakin gwaje-gwaje babu kayan aiki, jarrabawar JAMB kanta kuma zaɓen amsa ɗaya ce cikin huɗu a kwamfuta. Yaron da ya haddace a irin wannan yanayi ya yi amfani ne da abin da ya samu.

Da muka auna ɓangarorin biyu, mun ga ana zargin hadda ne da laifin da ba nata ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin hadda ta gaskiya. A tsangaya, almajiri yana ɗaukar karatu kaɗan a allo, ya maimaita shi safe da dare, kuma ba ya wanke allon sai ya biya wa malam da ka. Bayan haka akwai tishi, wato komawa kan karatun baya a kai a kai don kada ya kuɓuce. Shi ya sa alaramma yake iya rubuta Alƙur'ani ba tare da dubawa ba. Magabata kuma ba su tsaya nan ba: a zaure, inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, malam yana fassara kalma bayan kalma, ɗalibi yana tambaya. Abin da ake yi daren jarrabawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa. Ba kaɗan-kaɗan ba ne, babu tishi, babu mai saurare, babu bayani.

Matsayinmu shi ne a riƙe hadda, a yi watsi da cushe. Ɗalibi ya fara tun makon farko na zango, ya karanta kaɗan, ya rufe littafi ya faɗa da bakinsa ko ya rubuta, sannan ya bayyana wa abokinsa da Hausa. Inda harshensa ya sarƙe, nan ne bai fahimta ba. Tambayoyin baya su zama ma'aunin gwada kai, ya amsa kafin ya duba. Ya kuma samu barci, domin a lokacin ne ƙwaƙwalwa take adana abin da ta koya.

Nauyi mafi girma yana kan makarantu. Muna kira gare su da su riƙa yin ɗan gwaji kowane mako, wanda zai haɗa da darussan watan da ya wuce, su kuma mayar wa ɗalibai takardunsu da gyara kafin a shiga sabon babi.